Zangon Shamuwa

A ƙofar gidanmu akwai wata tsamiya da babu wanda ya san shekarunta. Kakanmu ya ce a haka ya tarar da ita, shi ma haka mahaifinsa ya gaya masa. Sai mutum uku sun miƙa hannu sosai kafin su kewaye gindinta. A ƙarƙashinta ake ɗaurin aure, a nan ake zaman makoki, a nan kuma mahaifinmu yake shimfiɗa buzunsa bayan la'asar. Wannan duk sha'anin ƙasa ne. Saman bishiyar yana da nasa masu gida, waɗanda ba sa kwana a cikinsa sai wata biyar ko shida a shekara, wato shamuwa.

A ƙarshen bazara suke zuwa, lokacin da zafi ya kai maƙura, rijiyoyi sun ja baya, kowa ya zuba wa gabas ido. Sai wata safiya a ji yaro ya faɗo gida da gudu yana cewa shamuwa ta sauka. Daga ranar zancen gari yake sauyawa. Maza su fito da sungumi da fartanya su kai wa maƙeri, mata su sauko da irin da aka adana, wanda soronsa ke yoyo ya shiga neman mai yaɓe. Ban taɓa jin an ce ta yi ƙarya ba. In dai ta sauka, to ruwa yana bayanta, ko da zai yi jinkirin mako biyu ko uku.

Ba ta cikin tsuntsayen da ake yi wa kirarin kyau. Baƙa ce mai farin ciki, ƙafafunta dogaye masu ruwan toka, gwiwoyinta da yatsunta ja kamar wadda ta kwana da lalle. Lokacin ƙwai fatar fuskarta takan yi shuɗi. A duk danginta ita ce ƙarama, nauyinta bai wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. Ba ta da wani kuka na a zo a ji; in ɗaya ya dawo sheƙa sai su rusuna wa juna, su yi ɗan fito, su kaɗa baki. Tsohuwar sheƙa suke gyarawa, su yi ta jigilar kirare suna ƙarawa a kan na bara. Macen takan saka ƙwai 2 ko 3, su yi kwanci na kusan wata guda, miji da mata suna karɓa-karɓa, sannan 'ya'yan su yi kusan wata biyu kafin su iya tashi. Da rana kuwa suna gona, suna bin bayan masu noma da garken shanu, suna tsintar fara da tsutsa da kwaɗi cikin natsuwar wanda ya san ba za a kore shi ba.

Kuma ba a korar su. Mun jefi kurciya, mun kafa wa hasbiya tarko, mun kwashe ƙwan zabi a daji, amma babu yaron da ya isa ya ɗaga dutse ya nufi tsamiya da damina. Kakarmu Iya ce mai gadin wannan doka. In ta ga ɗayanmu da danƙo a hannu yana leƙen sama sai ta ce, "Kai, ɗan nan, baƙuwa ce. A gidan wa ka ga ana jifan baƙo?" Na taɓa tambayarta inda suke zuwa in an yi girbi, ta ce Makka suke tafiya, shi ya sa ba a taɓa su. Mahaifinmu yana gefe ya yi murmushi, ya ce Allah ne masani. Amsar da na girma da ita ke nan, kuma ban sake tambaya ba sai bayan na yi abin da na yi.

Mahaifinmu ya rasu ina da shekara talatin da ɗaya. Ni ne babba, ga ƙanne shida, ga albashin malamin makaranta da ba ya ganin ƙarshen wata. A shekarar da ta biyo baya aka shimfiɗa kwalta a hanyar da ta ratsa ta ƙofar gidanmu. Kafin a ce me, duk wanda gidansa ke kallon titi ya fasa katanga ya fitar da shaguna. Na auna filinmu da igiya, na ga zai ɗauki shago huɗu in babu tsamiya. Na kuma gaya wa kaina cewa ko an yi ginin a gefenta babu mai kama hayar shagon da kashin tsuntsu zai riƙa yi wa farin fenti duk damina, ga ƙarni, ga gashi, ga matattun 'ya'yan da kan faɗo. Ana cikin haka wani mai gawayi ya zo ya kewaya bishiyar sau biyu, ya faɗi kuɗin da zai isa sayen siminti har a kai ginin linta.

Na sami Inna a tsakar gida tana tsintar wake a faifai. Da yake ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba ta cika kallon fuskata in muna magana ba. Na durƙusa na ce, "Inna, shawara na zo da ita a kan tsamiyar nan."

Ta ce, "Shawara ce, ko sanarwa?"

Na zayyana mata lissafin duka: kuɗin haya, kuɗin makarantar yara, auren ƙanwata da ke tafe. Ta saurara har na gama, hannunta bai bar waken ba. Sannan ta ce, "Kai ne babba yanzu, abin da ka gani shi za a yi. Amma masu saman fa, an gaya musu?"

Na yi dariya na ce, "Haba Inna, ai ba sa nan. Rani ne, sheƙunan babu kowa a ciki. Ko ɗaya ba za a kashe ba."

Ta hure ƙaiƙayin da ke bakin faifan ta ce, "To. Ashe wanda ya yi tafiya ba shi da ɗaki."

Ban ba ta amsa ba, domin a lokacin na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai.

A watan Fabrairu aka sare ta. Da injin yankan itace suka zo, duk da haka sai da ta ci musu kwana biyu. Da manyan rassan suka faɗo na ƙirga sheƙa 17. Ban taɓa ganinsu kusa ba sai ranar. Wasu sun kai faɗin tabarma, kirare a kan kirare, na ƙasa sun ruɓe sun zama ƙasa, na sama da sauran ƙarfinsu, aikin shekaru masu yawa. Yara suka yi wawason su suka kai wa iyayensu mata makamashi. Da yamma rana ta shigo zaurenmu har ƙuryarsa, abin da ba ta taɓa yi ba, gidan ya tsaya tsirara kamar dattijon da aka cire wa rawani a kasuwa.

A ƙarshen Afrilu, an riga an buga wa shagunan kwano, suka iso. Ina fitowa sallar walha na ga mutane sun ɗaga kai. Sun fi talatin, suna kewaya sararin da rassan suke a da, daidai tsayin, daidai faɗin, kamar bishiyar tana nan mu ne ba ma ganinta. Wasu suka miƙo ƙafafu za su sauka, suka taka iska, suka sake tashi. Can da rana ta take suka sauka a kan kwanon shagunan. Kwanon ya yi zafi, sai ka ga ɗaya ta ɗaga wannan ƙafa ta ajiye, ta ɗaga waccan. Washegari na ga wata ta zo da kara a baki, ta ajiye shi a kan rufin, ya zame ya faɗo ƙasa. Ta sauko ta ɗauka, ta mayar, ya sake zamewa. Na ƙirga sau biyar, sannan na shige gida. Inna ba ta ce mini komai ba. Ta dai sa aka ajiye ruwa a tsohuwar ƙwarya a gindin katanga. Kwana uku suka yi. A na huɗu gari ya waye babu ko ɗaya.

Da tatsuniya nake bayarwa, da a nan zan ce ruwa ya ƙi sauka, ko fara ta cinye gonarmu, ko ginin ya tsage. Babu ɗaya da ya faru. Damina ta yi albarka a shekarar, gero ya yi kai, shaguna huɗun duk suka sami 'yan haya kafin Sallah. Da kuɗinsu aka yi wa ƙanwata kayan ɗaki, da su biyu daga cikin ƙannena suka gama karatu. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, wani ya jiƙe. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai: na yi ɓarnar da ba ni na biya kuɗinta ba, kuma wanda ya biya ba shi da bakin kai ƙara.

Labarin ƙasa nake koyarwa. Bayan shekara biyu, ina zana wa 'yan aji taswirar iskokin Afirka ta Yamma a allo, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to ita shamuwa ina take zuwa da rani?" Na tsaya da alli a hannu. Amsar Iya kaɗai gare ni. Kunyar wannan rana ce ta sa na shiga bincike, abin da na samu kuwa ya fi Makkar Iya nisa. Shamuwarmu tana hayayyafa a faɗin Sahel da ƙasashen da ke kudu da shi, tun daga Senegal har gaɓar Bahar Maliya. Masana kimiyya sun raɗa mata sunan Abdim, wani gwamnan Turkawa da ya yi mulki a ƙasar Sudan a farkon ƙarni na 19. In daminarmu ta ƙare sai ta nufi kudu maso gabas, ta tsallaka tsakiyar duniya, ta bi ta Tanzaniya da Zambiya, wasu har Zimbabwe da Botswana da Afirka ta Kudu. Daga Kano zuwa Zimbabwe ya haura kilomita 4,000. A can kuwa damina tana farawa ne wajen Nuwamba, lokacin da mu muke shiga ɗari.

Sai na ga ashe amsar tana jikin taswirar da nake zanawa. Akwai layin da iskar teku mai laima take haɗuwa da busasshiyar iskar hamada, kuma a inda suka haɗu ake samun hadari. Layin yana hawa arewa a bazara, ya koma kudu da kaka. Shi shamuwa take bi, domin inda ruwa ya sauka ciyawa za ta tsiro, inda ciyawa ta tsiro fara da tsutsa za su fito. Ke nan ba ita take kawo ruwa ba, tafiyarsu ce ɗaya. Damina biyu take ci a shekara, ba ta san rani ba sai dai ta hange shi daga sama. Tafiyar ma da dabara take yin ta. Ba ta sammako. Takan jira rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi ta fara tashi, sai ta buɗe fukafukai ta hau ta tana kewaye har ta yi nisa, sannan ta sulala gaba ta nemi wata. Haka farar 'yar'uwarta ta Turai take yi, shi ya sa take gudun tsakiyar Bahar Rum, inda irin wannan iska ba ta tashi, ta gwammace ta ƙetara ta mashigin Jibralta ko ta zagayo ta Turkiyya.

Na ɗan sami sauƙin kunya da na gano cewa Turawa ma sun daɗe cikin irin duhun da muke ciki. Ƙarni bayan ƙarni masanansu suna cewa wasu tsuntsaye nutsewa suke yi cikin taɓon tafki su yi barci har sanyi ya wuce, wani ma ya rubuta cewa duniyar wata suke tafiya. A watan Mayu na 1822, kusa da wani ƙauye mai suna Klütz a arewacin Jamus, aka harbo wata farar shamuwa, aka tarar da mashi mai tsawon kusan santimita 80 ya ratsa wuyanta. Da aka duba sai aka ga mashin na Afirka ne. Wani maharbi ya jefe ta a nahiyarmu bai kashe ta ba, ta ɗauki mashinsa ta tsallaka hamada da shi har ta isa ƙasar da take hayayyafa. Gawarta tana nan a Jami'ar Rostock, da mashin a wuya. Na daɗe ina kallon hotonta. Abin da ya kama ni shi ne nacin komawa. Dabbar da za ta yi wannan tafiya da mashi a wuya don ta isa wani rufi ko wata bishiya, lalle wurin nan ba ƙaramin abu ba ne a wurinta.

Da can ina ɗauka namun daji na daji ne, mazauninsu wani wuri ne guda mai iyaka, kamar Yankari, inda za a kewaye a sa masu gadi a ce an gama. Ga wasu dabbobin haka ne. Amma ga masu ƙaura, mazauni hanya ce mai zango-zango. Kakanninmu fatake da suke zuwa Gwanja sayen goro sun san wannan sarai. Ayari yakan yi watanni a hanya, kuma abin da madugu ya fi riƙewa a ka shi ne jerin zanguna: inda akwai rijiya, inda jakuna za su yi kiwo, inda sarkin gari ke karɓar baƙi. Zango yakan yi wata da watanni babu kowa a cikinsa, amma in ayari ya iso ya tarar an cike rijiyar, asarar ba ta tsaya a wannan zango ba, takan bi hanyar har ƙarshenta. Tsamiyarmu zango ce a kan hanyar da ɗaya bakinta yake kudancin Afirka, kuma ita ce zangon haihuwa.

Da na fahimci haka sai na riƙa ganin labarina a wurare masu nisa. Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke hayayyafa a shingayen gonakin Ingila, nauyinsa bai fi giram 15 ba. A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a can suka tarar fiye da kashi biyu cikin uku ba su dawo ba. Gonakin suna nan, shingayen suna nan, babu abin da ya sauya a Ingila. Sai daga baya aka gane cewa matsalar tana wajenmu. A Sahel tsuntsun yake cin lokacin sanyinsu, a nan yake tara kitsen da zai tsallaka hamada da shi, ruwa kuwa ya yi ƙaranci a Sahel a 1968, farkon farin da ya kai mu ga yunwar farkon shekarun 1970. Farin da ya kashe shanun Fulani da Buzaye shi ne ya sa shingayen Ingila suka yi shiru.

A ɗaya gefen duniya akwai wani tsuntsun bakin teku mai dogon baki, wanda bai fi tantabara nauyi sosai ba. A watan Oktoba na 2022 aka bi sawun wani ɗan wata biyar daga cikinsu da na'urar da aka ɗaura masa. Ya tashi daga Alaska bai sauka ba sai a tsibirin Tasmaniya na Ostareliya: kilomita 13,560 cikin kwana 11, ba ci ba sha. Sai dai wannan gwanin ma yana da zangon da ba ya iya tsallakewa. In za su koma arewa, sukan yada zango a gaɓar Rawayen Teku, tsakanin Sin da Koriya, inda ruwa kan janye ya bar fili na laka cike da tsutsa da ƙananan halittu. A 2006 Koriya ta Kudu ta rufe wata katanga mai tsawon kilomita 33 a Saemangeum, ta raba wani makeken filin laka da teku don a sami ƙasar noma da masana'antu. Irin wannan cike gaɓa ya yawaita a yankin, kuma tsuntsayen da suka fi dogara da shi su ne adadinsu ya fi raguwa. Ga wanda ya tsaya a bakin gaɓar a watan da babu tsuntsu, laka ce kawai marar amfani.

Masu ƙafa huɗu ma ba su tsira ba. A Botswana, tun daga shekarun 1950, aka riƙa kafa dogayen shingayen waya don raba shanu da namun daji saboda ciwon baki da kofato, domin ƙasar ta iya sayar da nama a waje. A dajin Kalahari kuwa akwai wata dabba mai ƙaho da geza, tsakanin ɓauna da gwanki a kama, wadda Suwahilawa ke kira nyumbu. A shekarun da aka sami ruwa ba ta da dalilin yin nisa. Sai an yi fari take bin tsohuwar hanyar kakanninta zuwa koguna da tafkunan arewa. Da farin farkon shekarun 1980 ya zo, garkunan suka tashi, suka tarar da waya a gabansu. Suka bi gefenta kwana da kwanaki, suka tattaru a ɗan wurin da ya rage, inda shanu suka riga suka cinye ciyawa. Dubun-dubata suka mutu a 1983. Lokacin da ake kafa wayar hanyar babu kowa a kanta.

Ban buƙaci fasfo ba kafin in ga irin wannan da idona. Wata shekara cikin Disamba na je fadamun Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa su zama tafkuna da dausayi. Da sassafe muka shiga kwalekwale. Agwagin ruwa da suka taso daga Turai da arewacin Asiya suka tashi gabanmu har suka rage hasken rana. A shekarar 2000 aka sa wani yanki na wurin cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Amma dattijon da ke tuƙa mu ya ce abin da na gani kaɗan ne a kan na da. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun duk shekara ta sauya, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya bushe, wani ya ƙi janyewa. Madatsun nan su suke shayar da Kano, su suka raya noman rani a Kadawa da Kura. Na ci shinkafarsu da tumatirinsu, ba zan zage su ba. Na dai lura cewa masunci da manomin fadama da agwagwar da ta zo daga Rasha duk a zango ɗaya suke, kuma babu ɗayansu a wurin ranar da aka yi lissafi.

Abin da ya haɗa ni da mai katangar Koriya da mai wayar Botswana da mai madatsar ruwa shi ne kowannenmu yana da hujja mai kyau, kuma kowannenmu da rani ya duba. Mun leƙa ɗakin matafiyi ba ya nan, muka ce kango ne. Ba na cewa kada a yi gini, ko kada a yi noma, ko mai gawayi ya bar 'ya'yansa da yunwa saboda tsuntsu. Wanda bai taɓa rasa kuɗin magani ba shi ke saurin yi wa talaka wa'azin bishiya. Amma na sake ɗaukar igiya na auna filin nan bayan shekaru, na tarar da an ja ginin baya kaɗan, da shago uku sun shiga, tsamiya tana tsaye. Duk abin da na samu a madadin bishiyar da ta girmi kakana, da sheƙa 17, da inuwar da aka ɗaura auren iyayena a cikinta, shi ne shago na huɗu. Yau ana cajin waya a cikinsa. Ba talauci ne ya sare ta ba. Rashin sa masu saman cikin lissafi ne.

Shekara shida bayan saran, cikin watan Yuli, Allah ya yi wa Inna rasuwa. Muka ɗauke ta bayan azahar zuwa maƙabartar da ke gabas da gari. Rabona da shiga wurin da damina tun ina yaro. Garin ya yi kwano da bulo, gonakin da ke kewaye an share manyan itatuwansu saura ɗaiɗai, amma a cikin maƙabarta kuka da kanya da tsamiya suna nan yadda suke, domin nan ne kaɗai gatari yake jin kunyar shiga. Muna cikin mayar da ƙasa na ji ƙwas-ƙwas a sama. Na ɗaga kai. A kan wata kuka, 'yan taku kaɗan daga kabarin, akwai sheƙa shida, 'ya'yan sun yi girma suna miƙe wuya, wata uwa ta buɗe fukafukai ta yi musu laima. Na ɗauke su a matsayin namu. Rayayyu mun hana su masauki, sai matattu suka karɓe su. Mutane suka zaci kukan rashin uwa kaɗai nake yi, ni kuwa na bar su a haka.

A daminar na dasa tsamiya a bayan shagunan, a ɗan filin da ya rage tsakaninsu da katangar gida, na kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Tsamiya ba ta da gaggawa. Yanzu ta ɗan fi ni tsawo, reshenta mafi kauri bai kai damtsena ba, ko kurciya sai ta yi shawara kafin ta sauka a kai. 'Yata mai sunan Inna, wadda muke kira Ummi, ita ke ba ta ruwa da rani. Kwanan baya tana zuba ruwan ta ce, "Baba, yaushe shamuwar za ta zo?" Na ce mata sai bishiyar ta yi ƙarfin ɗaukar sheƙa, wataƙila lokacin ita ma ta yi jikoki. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To wa zai gaya musu an dasa?"

Na ce mata ba a aika musu. Duk shekara ta saman garin nan suke wucewa, kuma suna dubawa. Namu shi ne ranar da suka duba su tarar da ita a tsaye. Ta gyaɗa kai, ta ɗauki bokitin ta koma rijiya.